Kamun Ƙafar Ƙungiya Zai Sa A Karɓi Satifiket Ɗin Ɗalibaina A Ƙasar Waje?

Tambaya

Assalamu alaikum Malam. Ina da ƙaramar makarantar koyon sana'a a Tudun Wadan Zariya, muna koyar da walda da wayarin da haɗa sola, kwas na wata shida da na shekara ɗaya, kuma mu muke buga satifiket ɗinmu. Kwanakin baya shugabannin wata ƙungiya ta masu makarantu irin tawa suka kira taro, suka ce kowace makaranta ta kawo naira dubu 150 za su tafi Abuja kamun ƙafa wajen 'yan majalisa da ofisoshin jakadanci, domin a amince da takardunmu a Jamus da Kanada da Ingila. Sun nuna mana hoton shugaban yana sa hannu a wata yarjejeniya da wasu Turawa, suka ce duk wanda ya biya zai iya rubutawa a allonsa cewa satifiket ɗinsa karɓaɓɓe ne a duk duniya. Maƙwabcina har ya rubuta, ɗalibai sun fara komawa wajensa. Wani uba ma ya ce mini zai jinginar da gonarsa ya biya wa ɗansa in dai takardarmu za ta fitar da shi waje. Wallahi hankalina a tashe yake. In biya ne, ko kuwa? Ina tsoron kada a tafi a bar ni.

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, abu biyu ba za su jira ƙarshen bayani ba. Kada ka rubuta wannan magana a allonka, kuma ka nemi uban yaron nan tun yau ka ce masa ya bar gonarsa inda take. Batun dubu 150 shi ne mafi sauƙi a ciki, za mu zo kansa.

Abin da aka gaya muku a taron nan ba sabo ba ne, da wuya mako ya wuce wani mai makaranta ko wani mahaifi bai zo da shi ba. Wai akwai wata ƙofa guda, a Abuja ko a Landan, wadda in aka san mai tsaronta aka kama ƙafa, sai a buga wa satifiket hatimin amincewar duniya. Wannan ƙofar babu ita. Babu wata hukuma da ke amince wa takarda a madadin duniya baki ɗaya. UNESCO ba ta yi, Tarayyar Afirka ba ta yi, ofishin jakadanci ma ba aikinsa ba ne, shi biza yake bayarwa bayan wata hukuma can a ƙasarsu ta riga ta auna takardar. Kowace ƙasa da masu aunawarta, kuma ba makaranta suke aunawa a dunƙule ba, balle ƙungiya. Fayil ɗin mutum ɗaya suke ɗauka, da sunansa, da kwas ɗin da ya yi, da yawan awannin da ya zauna a aji da waɗanda ya yi yana aiki da hannunsa.

Mu ɗauki Jamus, tunda ita ce a bakin kowa tun da dokarsu ta shigo da ƙwararrun ma'aikata ta fara aiki a Maris ɗin 2020. Yaronka mai wayarin, in yana son a ɗauke shi a matsayin ƙwararre, takardunsa za su je wajen majalisar masu sana'ar hannu ta yankin da zai zauna, ko wajen IHK FOSA da ke Nuremberg in sana'ar ta masana'antu ce. Za su nemi satifiket, da takardar da ta jera darussa da tsawon lokacin kowane, da shaidar aikin da ya yi bayan ya gama, duk da fassarar wanda suka yarda da fassararsa. Akwai kuɗin dubawa da ake biya, amsa kuma cikin kamar wata uku bayan takardu sun cika. Daga nan sai su ajiye abin da ya koya kusa da abin da ɗan Jamus mai irin sana'ar yake koya. Nasu horon shekara biyu ne zuwa uku da rabi, na wutar lantarki ma uku da rabin ne cur, yaro yana kamfani yana makaranta. To ka gaya mini, wane sanata ne zai mayar da wata shida shekara uku da rabi? Sakamakon ɗayan uku ne: daidai, ko daidai a wani ɓangare sai an cike giɓi, ko ba daidai ba. Ko katin neman aikin da suka fito da shi a Yunin 2024, wanda dillalai ke talla kamar kyauta ake rabawa, sharaɗinsa na farko ga mai sana'a shi ne horon aƙalla shekara biyu wanda gwamnatin ƙasar da aka yi shi ta amince da shi, sannan harshe, sannan shaidar kuɗin da mutum zai ci har ya samu aiki.

Ka riƙe wannan sharaɗin da kyau, domin nan ne duk maganar ƙungiyarku take rushewa. Tambayar farko da kowane mai aunawa yake yi ita ce, ita ƙasar da ta fitar da takardar nan ta san da ita? Satifiket ɗin da ka buga a Sabon Gari, komai kyan takardar da girman hatimin, shaida ce tsakaninka da ɗalibinka. Ba ya cikin rajistar NBTE, hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa da ke Kaduna, ba ya cikin ta NABTEB mai shirya jarrabawar sana'a, ba ya cikin ta Ma'aikatar Ƙwadago. Wanda Kaduna ba ta san shi ba, Nuremberg ba za ta san shi ba.

Kanada kuwa lamarin sana'ar hannu ba ma a hannun gwamnatin tarayya yake ba, kowane lardi da hukumarsa. A Ontario mai koyon wayarin yana tara kusan awa 9,000 kafin ya zauna jarrabawar lasisi. Wanda ya zo daga waje sai ya tabbatar da awanninsa da wasiƙun wuraren da ya yi aiki, su bincika, sannan a bar shi ya zauna jarrabawar kamar kowa. A Ingila hukumar UK ENIC ce ke ba da takardar kwatanta shaidar karatu, kuma ita ma kwatance ne kawai, ba aiki ba ce ba biza ba ce. Bizar aiki sai wani kamfani mai lasisin ɗaukar baƙi ya ba mutum gurbi. Daga Yulin 2025 sun ɗaga matakin yawancin ayyukan da ake ba wa wannan biza zuwa matakin digiri, sun kuma rufe ɗauko masu kula da tsofaffi daga waje, hanyar da 'yan Najeriya da yawa suka bi, wasu kuma aka damfare su a kanta.

Walda ma tata hanyar daban ce, kuma abin haushi ne a ce masu koyar da ita ba su san wannan ba. Kamfanin bututun mai ko na ƙera tankuna, a Fatakwal yake ko a Dammam, ba ya ɗaukar mai walda don satifiket ɗin makaranta. Gwaji yake sa shi bisa ƙa'ida irin ISO 9606 ko ASME. A ba shi faranti ko bututu a wani yanayin tsayuwa, misali 6G inda bututun ke kafe a karkace digiri 45 ba a juya shi, ya haɗa, a duba da ido, a ɗauki hotonsa da na'ura ko a yanka a lanƙwasa a ga ko zai tsage. Takardar da zai samu ta taƙaita ne ga irin waldar da ya ci, da kaurin ƙarfen, da yanayin tsayuwar, kuma a tsarin ISO duk wata shida sai an sa hannu cewa yana kan aikin, in ba haka ba ta mutu. Wannan a hannun yaro yake, babu kwamitin majalisar da zai riƙe masa sandar walda.

Sai hoton yarjejeniya. Yarjejeniyar fahimtar juna takarda ce da ɓangarori biyu ke cewa suna da niyyar yin aiki tare, akasari ba ta ɗora wa kowa wani nauyi a shari'a, kuma ba ta ɗaure hukumar shige da fice ta kowace ƙasa. Ka nemi kwafinta ka karanta. Su wane ne Turawan? Kwaleji ce, ko kamfanin dillancin ɗalibai da ke cin kamasho a kan kowane kai? Akwai layin da ya ce hukuma kaza za ta karɓi satifiket kaza? In aka ce maka takardar sirri ce, ka samu amsarka. Haka tamburan da ake jerawa a ƙasan satifiket. ATUPA, wadda a da ake kira CAPA, ƙungiyar kwalejojin fasaha ce ta Afirka mai hedikwata a Nairobi. WFCP ƙungiyar irin waɗannan ƙungiyoyi ce ta duniya. UNEVOC cibiyar UNESCO ce da ke Bonn. Dukkansu na gaske ne, suna taro, suna horar da shugabannin makarantu, suna rubuta matsaya, amma babu wadda ke tantance kwas. Zama mamba akasari kuɗin shekara ne da kujera a zauren taro. City and Guilds ta Landan ita tana ba da takardar shaida, amma sai ta amince da cibiyarka, ka yi wa kowane ɗalibi rajista da ita, ita ta fitar da takardar da sunanta. Ɗora tambarinta a kan takardarka ba tare da haka ba jabu ne, ba shi da wani suna.

Shugabannin ƙungiyar taku za su iya kawo maka maganar yarjejeniyoyin ƙasa da ƙasa, irin ta Addis Ababa ta 2014 da ta duniya da UNESCO ta zartar a 2019. Waɗannan kan ilimi mai zurfi suke magana, kuma abin da suke ba mutum shi ne haƙƙin a auna takardarsa bisa adalci. Ba su ce a karɓa ba tare da aunawa ba. Haka zagayen hatimin da ake yi a Abuja, daga Ma'aikatar Ilimi zuwa ta Harkokin Waje: abin da yake tabbatarwa shi ne takardar ba ta bogi ba ce, ba wai ta yi daidai da ta wata ƙasa ba.

Ba mu ma daɗe da ganin ƙarshen irin wannan gajeriyar hanya ba. A Disambar 2023 ɗan jarida Umar Audu ya fallasa yadda ya samo digiri daga Kwatano cikin mako shida, a Janairun 2024 gwamnati ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo. Waɗanda suka sayi takarda da waɗanda suka zauna suka yi karatu tsakani da Allah, duk guguwar ta haɗa da su. Duk lokacin da takardun bogi suka yawaita daga wani wuri, masu aunawa a waje ƙara tsanantawa suke yi a kan kowa daga wurin. Allon maƙwabcinka ba shi kaɗai zai cutar ba.

Yanzu bari mu dubi kamun ƙafar da kansa, domin kada ka ɗauka cewa nake yi ba shi da amfani. Ƙungiyoyin kwalejojin sana'a a duniya suna yinsa, a fili, da ofis da ma'aikata da lauyoyi. Akwai Association of Colleges a Ingila, akwai CICan a Kanada, akwai TAFE Directors Australia ta kwalejojin gwamnati da ITECA ta masu zaman kansu a Ostireliya. Amma kowace gwamnatinta take matsa wa, kuma don amfanin mambobinta. In sun yi maganar ɗaliban waje, maganar kuɗin makarantar da ɗalibin zai kai musu suke yi, ba maganar a karɓi takardar da ya taho da ita daga Zariya ba. Hasali ma in an karɓi takardarka, wa zai biya su ya sake kwas ɗin? Kuma duk da ƙarfinsu, dubi yadda ta kaya. A Janairun 2024 ministan shige da ficen Kanada, Marc Miller, ya ƙayyade izinin karatu zuwa kusan 360,000, ragin kashi 35 cikin ɗari. A Nuwamban shekarar aka ɗaure izinin aiki bayan karatu na 'yan kwaleji da wasu fannoni da gwamnati ta zaɓa. CICan ta yi ta ƙorafi, dokar ta tsaya, kwalejoji suka shiga rufe kwasa-kwasai da sallamar ma'aikata. A Ostireliya kuɗin bizar ɗalibi ya tashi daga dalarsu 710 zuwa 1,600 a Yulin 2024. Ƙudurin ƙayyade sababbin ɗaliban waje zuwa 270,000 ya maƙale a majalisar dattawansu a ƙarshen shekarar, ana murna, sai gwamnati ta bi ta hanyar jinkirta duba biza ta cim ma kusan abin da take so. Ƙungiyar da ofishinta ke Ottawa ba ta iya tanƙwara gwamnatin Ottawa ba, sai taku da ke taro a zauren haya ce za ta yi da dubu 150-150?

A gida ma tarihin a bayyane yake. ASUP ta malaman foliteknik, da NAPS ta ɗalibai, da COHEADS ta shugabannin kwalejojin, sun shekara da shekaru suna neman a kawar da bambancin HND da digiri. Yana cikin buƙatun yajin aikin da ya faro a 2013 bai ƙare ba sai tsakiyar 2014. A 2021 majalisun tarayya suka zartar da ƙudurin, Shugaba Buhari ya sauka a Mayun 2023 bai sa hannu ba. Wannan HND ce, ta shekara huɗu da shekarar aikin masana'anta a tsakani, mai rajistar NBTE, mai zuwa bautar ƙasa, kuma a cikin ƙasarta take neman daraja. Inda aka ci nasara ma akwai: gyaran dokar foliteknik ta tarayya a 2019 ya kai shekarun ritayar malamai 65, ya mayar da wa'adin rekta shekara biyar sau ɗaya. Asusun TETFund da ke gine-gine a ABU da Nuhu Bamalli, tushensa yarjejeniyar ASUU ce ta 1992 wadda ta haifar da harajin ilimi a 1993. Kamun ƙafa na gaskiya kenan, yana canza doka ga kowa da kowa, da wanda ya biya da wanda bai biya ba, kuma shekaru yake ci. Duk wanda ya ce maka sakamakon na waɗanda suka biya ne kaɗai, ba doka yake nema ba, ciniki yake yi.

To ka biya ko kada ka biya? Shiga ƙungiya abu ne mai kyau, masu ƙananan makarantu suna buƙatar murya ɗaya, akwai ma irinta ta ƙasa, APIVI. Amma kafin kobo ya fita, ka nemi ganin takardar rajistar ƙungiyar da CAC da sunayen amintattunta, da kundin tsarin mulkinta, da bayanin kuɗin bara. Asusun da za a zuba kuɗin da sunan ƙungiya yake, da masu sa hannu fiye da ɗaya, ko da sunan shugaba? Sannan tambayar da takan sa zaure ya yi tsit: wane ƙuduri za ku je a kai? Kowane ƙuduri yana da lamba, SB a majalisar dattawa, HB a ta wakilai. Yana gaban wane kwamiti, ya wuce karatu na biyu, yaushe za a yi zaman jin ra'ayin jama'a? Ina takardar matsayar da kuka rubuta, mu karanta mu gyara kafin a kai da sunanmu? Irin wannan zama a jarida ake sanar da shi, kuma miƙa takardar matsaya ba a biyan kuɗi. Abin da ke cin kuɗi shi ne mota, masauki, buga takardu, da ladan wanda ya iya rubutun doka, duk kuma suna da rasit. In ka ji an ce wani kaso na ganin mai girma ne, sunansa cin hanci, dokar ICPC ta 2000 kuma da mai bayarwa da mai karɓa take kamawa. Najeriya ba ta da dokar da ta tsara sana'ar kamun ƙafa, an kawo ƙuduri a 2016 bai kai ko'ina ba, shi ya sa kowa yake fakewa da sunan.

In ƙungiyar da gaske take, aikin da ya fi kusa ba ya buƙatar Abuja. Hedikwatar NBTE tana Kaduna, tafiyar da za ka yi da safe ka dawo kafin la'asar. Makarantu goma za su iya haɗa kuɗi a horar musu da masu tantance ɗalibai tare, su tanadi cibiyar gwaji ɗaya mai injin walda na kirki da janareta mai ɗauka, maimakon kowa ya riƙa fama da ɗan injinsa. Za su iya zuwa majalisar jiha a Lugard Hall da ƙaramar hukuma a kan harajin da ake karɓa sau biyu sau uku. Za su iya neman ITF, hukumar horar da ma'aikatan masana'antu, ta buɗe wa ɗalibansu wuraren koyon aiki, su nemi a sa su cikin shirye-shiryen horo irin IDEAS, wanda Bankin Duniya ya sa wa dala miliyan 200 a 2020. Amma a je da lissafi a rubuce: ɗalibai nawa aka yaye, nawa ne ke aiki, a ina. Jami'in gwamnati yakan saurari jawabi ya manta, takarda mai alƙaluma ita ke shiga fayil.

Kai kuma a makarantarka, ka daina dogaro da takardar da kake bugawa. Ka nemi rajistar NBTE a matsayin cibiyar horo ƙarƙashin NSQ, tsarin ƙasa na ba da shaidar ƙwarewa a sana'a. Za su duba wurin aiki da kayan aiki da kariyar lafiya, za a buƙaci malamanka su samu horon tantancewa, da mai duba aikin masu tantancewar a cikin gida, sannan hukumar da ke ba da takardar, kamar NABTEB, ta turo nata daga waje. Kowane ɗalibi da fayil ɗinsa na shaidar aiki: abin da ya haɗa, ranar da ya haɗa, wanda ya gani ya sa hannu. A nan yawancin cibiyoyi ke faɗuwa, sai ana saura mako a zo dubawa a zauna a cike fayil talatin da biro ɗaya da rubutun hannu ɗaya, mai dubawa kuma ba yaro ba ne. Waɗanda suka daɗe a sana'a ba takarda, akwai hanyar tantance ƙwarewar da suka riga suka samu. Akwai kuma gwajin sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago, daga mataki na uku zuwa na ɗaya. Ofisoshin nan suna da jan ƙafa, za ka kai takarda a ce wanda zai sa hannu ya tafi taro, ka koma a ce fayil bai sauko ba. Abin takaici ne, kuma wannan jan ƙafar ce ke tura mutane hannun 'yan damfara. Ka riƙa ajiye kwafin duk abin da ka miƙa da hatimin karɓa da kwanan wata. Kuma in amincewar ta fito, ka tuna ta kwas ce ba ta gini ba, tana da wa'adi, ba kuma za ka ɗauki ta walda ka rufa wa sola ba.

Tun daga zangon nan ka fara rubuta manhajarka da awanni: darasi kaza awa kaza a aji, awa kaza a wurin aiki. Ka buɗe rajistar ɗalibai mai lamba wadda ba a yage shafi, ka samu adireshin imel na makaranta da ake dubawa. Masu aunawa daga waje sukan rubuto su tambaya ko wane ya yi karatu a nan, in shiru ya yi yawa fayil ɗin yaron ne ke mutuwa.

Game da allo, ba maganar kunya kaɗai ba ce. Karɓar kuɗin mutum bisa alkawarin da ka san ba gaskiya ba ne yana ƙarƙashin dokar zamba ta 2006, hukuncinta daga shekara 7 zuwa 20 ba zaɓin tara. Ranar da iyaye za su taru a ƙofar makaranta, shugaban ƙungiya ba zai zo ba, sunanka ne a rasit. Ko babu EFCC, Malam, mu ji tsoron Allah. Mutumin da zai jinginar da gona ba rarar kuɗi gare shi ba, abincin gidansa na shekara ya ɗora a kan kalmarka saboda yana ganin kai malami ne. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu, kuma algus ba a mudu kaɗai yake ba. Zariya da ake zuwa daga ko'ina neman ilimi, garin ABU da kwalejin jiragen sama da cibiyar fata ta Samaru, bai kamata a ce a nan ake sayar wa talaka hatimi ba. Ɗaliban da suka koma wajen maƙwabcinka za su kai wata shida su gama su nemi Jamus ɗin da aka yi musu alkawari, ka bar shi da su.

Shi kuma uban yaron, ka zaunar da shi ka gaya masa yadda abin yake. Ɗansa ya koyi sana'ar sosai, ya samu takardar da gwamnati ta sani, in yana da sakamakon sakandare mai kyau ya nemi ND a Nuhu Bamalli ko Kaduna Polytechnic ta hanyar JAMB, ya yi aiki a wurin da za su ba shi wasiƙa mai kwanan wata da irin aikin da ya yi. In Jamus yake so, harshen zai fara, domin shiga horon sana'a can yawanci sai da matakin B1 na iya Jamusanci, jarrabawar kuma akwai ta a Goethe-Institut da ke Legas. Duk dillalin da ya ce zai kai shi aiki waje, a nemi lasisinsa na Ma'aikatar Ƙwadago ta tarayya, a kuma tabbatar da shi a cibiyar ba masu niyyar ƙaura shawara da ma'aikatar ke da ita a Abuja. Kada a miƙa wa kowa fasfo ya riƙe, kada a biya kuɗin gurbin aiki, kuma in aka ce ya shiga da bizar ziyara ko ta Umara za a gyara masa takardu in ya isa, a kai maganar ofishin NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane.